Bashin Zulai da Idanun Inna

Nafisa, ke kika sa na zauna rubuta wannan babi, ko da yake ba ke kaɗai nake yi wa shi ba. Ranar da muka taru a gidan yayanki Siddiku bayan babbar Salla, ana hirar bankuna, na ji kin ce wa mijinki wai Baba da ya iya harsuna biyar yana zaune banki ya cuci Umma bai ce uffan ba. Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na koma gida sai maganar ta ƙi barina. Na gane haka dukkanku kuka riƙe labarin, kuma ba laifinku ba ne. A lokacin kuna 'yan firamare, abin da idonku ya gani shi ne uwarku tsugune kan gawayi tana haɗa turaren wuta har bayanta ya sage, ana cewa bashin banki take biya. Ba wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku yadda aka yi. Na tambayi uwar taku ko in rubuta. Ta ce in rubuta, amma kada in mai da ita waliyyiya, kada kuma in mai da kaina wawa.

A wancan lokacin muna unguwar Ainu Shams a Alƙahira, a bene na huɗu na wani gida da ba shi da lif, inda in jirgin metro ya wuce sai kofunan shayi su yi ta ƙara a kan tire. Aikina kun san shi: in tarbi marasa lafiya da suka zo daga Kano ko Maraɗi ko Injamena, in kai su asibiti, in tsaya tsakaninsu da likita ina juya magana. Wani watan a samu, wani watan a rasa. Kafin in zauna Alƙahira na yi Yamai, na yi Jidda, na yi Tarabulus, har Faransa na ɗan taɓa, kuma duk inda na je da bakina na ci abinci. Uwarku Zulai kuwa haihuwar Sudan ce, a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi, jikar mutanen da suka taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka da ƙafa, suka yada zango, zangon ya zama gari. Tun da na aure ta ban taɓa ganin hannunta ba sana'a ba. In ba lalle take yi wa amare ba, to humra take damawa. Amma albashi, wanda ake jira ƙarshen wata, ba ta taɓa karɓa ba sai a shekarar da nake ba ku labari, da wata makarantar 'ya'yan baƙi a unguwar Ma'adi ta ɗauke ta mai kula da ƙananan yara. Ta haura arba'in a lokacin. Ranar da aka ba ta katin banki da sunanta a jiki, ta sa shi cikin 'yar lalitar da take ratayawa a wuya, tare da takardar iƙamarta.

A nan sai na tsaya in yi muku bayanin wani abu, domin ku haihuwar Masar ne, kuma in ba ku gane shi ba, ba za ku gane sauran ba. A Faransa na zauna gidan wasu mata da miji masu asusu ɗaya, in matar ta sayi takalmi mijin ya sani kafin ta iso gida. A nan Masar na ga maƙwabcinmu yana miƙa wa matarsa albashinsa ɗungurungum, ita kuma ta ƙirgo masa kuɗin mota da na sigari. Kowa da tsarinsa, ban raina na kowa ba. Amma a Damagaram inda aka haife ni, akuyar mace tata ce ko da dusar mijinta take ci. Na ga mahaifina da idona yana rancen kuɗi wurin mahaifiyata, ya biya ta bayan girbi a gaban ƙaninta. Miji ba ya tambayar matarsa nawa ta samu. Ba ya buɗe akwatinta. In ya ga takarda a kan gadonta, ya kau da kai. Wanda ya yi akasin haka, mata su yi da shi a gidan biki, maza su raina shi a majalisa. A kan haka na tashi, a kan haka ita ma ta tashi, domin Hausawan Sudan sun fi mu riƙo da irin waɗannan abubuwa. Har yau ban ɗauki wannan ɗabi'a aibi ba. Sai dai a shekarar nan ta yi mana tsada.

Bayan ta fara aiki da 'yan watanni, sai ta ce min za ta aika a kawo Inna, wato kakarku da kuke kira Haboba. Yanar ido ta rufe wa tsohuwa ido biyu, ta kai sai an riƙe mata hannu za ta kewaya. Na ce madalla, na kawo ɗan abin da nake da shi. Ta karɓi rabi ta mayar min da rabi, ta ce an samu. Ban ce daga ina ba. Na ga wata babbar ambulan mai tambarin banki a saman kabad, na wuce. Aka kawo Inna ta mota, ta Aswan, ta iso ƙafafu a kumbure. Likitan ido ya duba ya ce aikin mai sauƙi ne, amma ba zai taɓa ta ba sai sugarta ta sauka ta zauna wuri ɗaya. Aka shiga ba ta magani, aka hana ta shayi mai siga, ita kuma ta shiga yi mana Allah ya isa a kan shayin. Muna cikin wannan jira shekarar karatu ta ƙare. Makarantar ta haɗe azuzuwan ƙananan yara biyu ta mai da su ɗaya, aka yi wa Zulai godiya, aka ba ta akwatin alewa, aka ce ba za a sabunta mata kwantiragi ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ta tayar da hankalinta ba. Ta dawo ta raba muku alewar, ta ɗora girki. Sai bayan wata guda na ga ta sauya. Waya ta yi ƙara ta duba, ta kifa ta. Ta fita da safe ta ce za ta Ma'adi, ta dawo da azahar ba ta ce komai ba. Wata ranar bayan la'asar ina zaune ina gyaran wata takardar asibiti, Inna na kan dardumarta a kusurwa tana jan carbi, sai Zulai ta zo da tiren shinkafa ta zauna nesa da ni kaɗan tana tsinta. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, wata ƙawata ce take da matsala."

"Allah ya sawwaƙe. Wace iri?"

"Ta ci bashin banki ne. Da za su ba ta, suka ce akwai inshora a ciki, wai in aikinta ya tsaya su za su riƙa biya. To aikin ya tsaya. Ta je, sun ce ita ba ta ciki."

"To. Ita ƙawar taki tana da takardun?"

"Tana da su. Ta ma ba ni ajiya."

"In ta yarda, a kawo in duba mata."

"Zan tambaye ta."

Sai muka ji carbi ya tsaya. Inna ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba tun da na auri 'yarta, kullum sai dai ta faɗa wa bango ko ta faɗa wa Zulai in ji. Ta juya fuskarta wajen taga ta ce:

"Ke Zulai, wace ƙawa? Ƙawar da take kwana a ɗakinki tana juyi har asuba? Ni makauniya ce, ba kurma ba. Tashi ki ɗauko wa bawan Allah takarda ya karanta, kin ajiye mai karatu a gida kina yawo a rana."

Zulai ta ajiye tiren ta shiga ɗaki. Ta daɗe. Da ta fito ta ajiye ambulan ɗin a kan tabarma, ba a hannuna ba, ta koma ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Ga abin da na tarar. Ta karɓi bashin ne a bankin da albashinta yake shiga, don kuɗin hanyar Inna da na aikin ido. Ta ɓoye ba don ni kaɗai ba, har don kada maganar ta kai kunnen ɗaliban nan namu masu karatun addini, a yi ta kawo mata hukuncin riba har gida. Yaron da ya yi mata takardun ya ce mata in babu inshorar ba a ba da bashin, kuma da ita za ta yi barci da ido biyu rufe. Kuɗin inshorar ba kaɗan ba ne, kuma a dunƙule aka ɗora shi a kan bashin tun ranar farko. A can ciki kuwa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa ba ta aiki a kan wanda kwantiraginsa na ƙayyadadden lokaci ne. Na Zulai na shekarar karatu ɗaya ne. Wato tun ranar da ta sa hannu, ba wata rana da wannan inshora za ta biya mata ko sisi. Ba kuma dole ba ce, akwai gurbin da ake cewa ba a so. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne, kuɗin aikin Inna suna kwance a wannan asusun, kuma duk wata banki yana zarar ƙisɗinsa, wato kason biyan bashin, daga cikinsu, tun da albashi ya daina shiga. Idon tsohuwa ake gutsura wata-wata.

Na karanta wa mutane takardun da suka fi wannan sarƙaƙiya a harsuna uku. Da an nuna min ita ranar farko, kafin shayi ya huce na gano. Na san haka, ita ma ta sani, kuma ba wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa.

Washegari muka tafi reshen bankin tare. Na sa babbar riga, na shiga da sallama, na gaishe da manajan, na tambayi iyali, na yaba wa Masar da mutanenta, sannan a hankali na kawo maganar, kamar yadda ake kai kuka gaban babba a wurinmu. Shi ma ya karɓe ni da mutunci. Ya sa aka kawo shayi, ya kira ni ya Haj, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya fi a ƙirga, ya ce Madam ta sa hannu, amma zai duba. Muka fito ina ganin an yi abin kirki. Muka koma, aka ce ya fita. Muka sake komawa, aka ce ana dubawa. Wata ya ƙare, waya ta yi ƙara, an sake zara.

Ummu Tarik ce ta fara faɗa mana gaskiya. Kuna tuna ta, maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa, mai sauko da kwando ta taga tana zagin mai kayan miya tana kuma sayen kayansa. Ta shigo aron tafarnuwa ta tarar da mu jugum, ta matsa sai da Zulai ta faɗa mata. Ta dafa ƙirji ta dube ni.

"Ya Haj, ƙorafi ka je yi ko ta'aziyya? Ka sha shayinsu? Ka sha? Khalas, an gama da kai. Wanda ya zo karɓar haƙƙinsa ba ya shan shayi."

Na ce mata a ƙasarmu ba a ɗaga murya a gaban manya.

"To ka koma ƙasarku su biya ka. Ya Zuzu, gobe ki sa baƙar abayarki, in zo mu tafi. In ban tara musu jama'a a bakin ƙofa ba, ki canja min suna."

Zulai ta yi dariya, karon farko cikin makonni, ta ce a'a, ba ta son a taru a kanta. Amma Ummu Tarik ta bar mana abu ɗaya mai amfani. Ta ce manajan reshe ba zai taɓa kama yaronsa da laifi ba, domin laifin yaron nasa ne. Akwai sashen ƙorafi a babban ofishinsu da ke tsakiyar gari, kuma su takarda suke tsoro, ba mutum ba. Na daɗe ina lura da wannan a Masar. A Jidda in kana da matsala sai ka nemi wanda ya san wani. A Yamai sai ka nemi ɗan garinku a ofishin. A nan kuwa sai ka yi ihu, ko ka sa a buga wa takardarka hatimi, kuma wanda ya haɗa biyun shi ne sarki.

Na zauna na rubuta takardar ƙorafi da Larabcin littafi, irin wanda in alƙali ya karanta sai ya gyara zama. Na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"Ta yi kyau, Malam. Amma wannan matar da ke cikin takardar ban san ta ba. Ka ce an yaudari baiwar Allah mai rauni wadda ba ta san komai ba. Ni na san abin da na je yi. Na tambaye shi sau biyu. Ƙarya ya yi min, ba rashin sani na yi ba. Rubuta yadda zan faɗa."

Na yage tawa. Ta faɗa ina rubutawa, ba ta kai rabin shafi ba. Ta ce ga ranar da ta je, ga abin da ta tambaya, ga abin da aka ce mata, ga takardar ɗaukarta aiki da ta miƙa da hannunta. Muka kai, aka buga hatimi, aka ba mu lamba. A cikin kwanakin da muke jiran kira ne likita ya sake auna Inna ya ce sugar ta zauna, in za a yi aikin a yi shi yanzu, domin bai yi alkawarin za ta ci gaba da zama ba. Zulai ta duba abin da ya rage a asusun. Bai kai ba.

Ranar da aka kira mu, a cikin metro ta ce min in zauna kusa da ita amma kada in yi mata tafinta. Na ce Larabcinta na Sudan ne, za su iya raina shi. Ta ce su raina, da shi ta karɓi bashin. Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, wurin wata mata mai gilashi da ake kira Madam Nadiya. An kawo shayi. Na dubi Zulai, ta dube ni, ba wanda ya taɓa kofi. Can sai aka shigo da yaron da ya yi mata takardun, sunansa Karim. Ni na zo da fushina ina jiran in ga wani ƙaton mayaudari, sai ga yaro siriri, bai fi Siddiku na yanzu ba, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, takalminsa ya sha gogewa amma dunduniyar ta cinye. Ya zauna a bakin kujera.

Madam Nadiya ta fara da cewa sa hannu sa hannu ne, kuma an ba Madam Zulai kwafinta ta tafi da shi gida. Zulai ta bar ta ta gama. Sannan ta juya wajen yaron, muryarta ƙasa-ƙasa, kamar tana yi wa ɗan ajinta magana.

"Ya ibni, ɗana, ka gane ni?"

"Na gane ki, ya Madam."

"Ranar da na zo, na ce maka kuɗin na mene ne?"

"Kin ce na idon mahaifiyarki."

"Na tambaye ka in aiki ya tsaya fa. Me ka ce min?"

Ya kau da kai. Madam Nadiya ta ce ya amsa.

"Na ce inshora za ta biya."

"Takardar aikina, wadda aka rubuta shekara ɗaya a kanta, tana hannunka a lokacin ko ba ta hannunka?"

"Tana hannuna."

"Ka karanta ta?"

Ya ce ya karanta. Sai kuma magana ta ɓalle masa. Ya ce shi ma a lokacin sabon ɗauka ne, yana cikin watannin gwaji, an ce masa duk bashin da ya fita ba inshora a kansa ba a lissafa masa shi, kuma wanda bai cika adadinsa ba ba a tabbatar da shi. Ya ce shi kansa bai san akwai wannan sharaɗin ba sai daga baya, domin ba wanda ya koya masa, an dai ce ya sayar. Daga unguwar Faisal mai nisa yake zuwa kullum, shi ke riƙe da uwarsa da ƙannensa. Madam Nadiya ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, ta sallame shi. Da zai fita ya tsaya ya ce wa Zulai ta yafe masa.

"Ban yafe ba tukuna," in ji ta. "Sai na ga abin da asibiti ya ce."

Madam Nadiya ta fita ta daɗe, ta dawo da takarda. Ta ce ga abin da take da ikon yi a yau: za a soke inshorar, a mayar da kuɗinta gaba ɗaya cikin asusun a makon nan, a dakatar da zarar ƙisɗi na 'yan watanni, a kuma shimfiɗa sauran bashin ya yi sauƙi. Amma Madam Zulai za ta sa hannu cewa magana ta ƙare. In kuwa tana son banki ya biya bashin kamar yadda aka yi mata alkawari da baki, wannan ya fi ƙarfin ofishinta, sai an kai sama, kuma ba ta san watannin da zai ɗauka ba. Kafin nan za a ci gaba da zara.

To, Nafisa, ga wurin da kika ce ban ce uffan ba. Na ce. Na juya na yi mata magana da Hausa, a gaban matar, ban damu ba.

"Zulai, kada ki sa hannu. Yaron ya amsa da bakinsa a gaban shugabarsa. Ba ki ga yadda ta yi saurin kawo takarda ba? Tsoro suke ji. In muka kai sama, wallahi duk bashin za su ɗauke."

"Yaushe?"

"Ko da wata shida ne. Zan nemo kuɗin aikin a wani wuri."

"A ina? Wurin marasa lafiyarka?"

Lokacin ba baƙin da ke zuwa asibiti, kuma ta sani. Na ce duk da haka haƙƙinta ne, bai kamata ta bar musu ba. Ta gyara mayafinta ta ce:

"Malam, bashin nan da sunan wa aka ci shi?"

"Da naki."

"To ka bar ni da shi."

Ta karɓi takardar. Wannan karon ba ta sa hannu nan take ba. Ta miƙo min ta ce in karanta mata ita tun daga bisimilla har ƙasa, da ƙananan baƙaƙen duka, in juya mata da Hausa. Na karanta, Madam Nadiya tana duban agogo. Da na gama ta tambayi abu biyu, aka amsa mata, ta sa aka rubuta ranar da kuɗin za su shiga da alƙalami a gefe, sannan ta sa hannu. Madam Nadiya ta tambaye ta ko tana son a saka sunan yaron a rahoto. Ta ce a saka sunan wanda ya ba shi adadi.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi. Daga tsakiyar gari har Ainu Shams ban yi mata magana ba, kuma na yi kwanaki ina cin abinci ba na yabawa. Har yau ina ganin da mun kai sama da mun ci. Ita kuma har yau in na faɗi haka sai ta ce ba ta musa ba. Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Ba ta sake samun aikin albashi ba. Ta koma kan gawayi da lalle, ta shekara biyu da wani abu tana kai wa banki kuɗin da, a ganina, bai kamata ta biya ba. Na sha kawo mata gudummawa in baƙi sun zo. Wani lokacin ta karɓa, ta kira shi rance, ta kuma biya ni. Ciwon bayan da take fama da shi yanzu a wannan tsugunon ta same shi. Wannan shi ne kuɗin da ta biya a kan shawararta, kuma ba ta taɓa cewa wani ne ya sa ta ba.

Abin da ba ku gani ba, domin kuna makaranta, shi ne safiyar da aka cire wa Inna bandeji. Kuɗin sun shiga ranar da aka rubuta, aka yi mata ido ɗaya, aka ce ɗayan sai bayan makonni. Muna ɗakin likita mu uku. Ya ɗaga audugar a hankali, ya ce ta buɗe. Ta buɗe ta rufe, ta sake buɗewa, hawaye na zuba. Ta ɗaga hannunta ta juya shi gaba da baya tana kallo. Sannan ta dubi Zulai da ke durƙushe a gabanta. Ta daɗe tana kallonta. Ta sa yatsa ta tura mayafinta baya kaɗan daga goshi.

"Ke, wannan furfurar fa? Yaushe?"

"Ta bana ce, Inna."

Tsohuwa ta bar hannunta a kan 'yarta. Can ta waiwayo ta hange ni tsaye a bakin ƙofa da jakar magani. Nan da nan ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai.

"Zulai, ce wa Malam ya ɗan ba mu wuri. Yanzu ina ganinsa."

Na fita na ja musu ƙofa.